Kuɗin Goro: Sunan "Kiɗan Duniya" da Makaɗan Ƙasar Zamfara

Hausawa su kan ce suna linzami ne, watau da shi a ke jan abu a kai shi inda a ke so. Abin da za mu duba a cikin wannan takarda shi ne wani suna da 'yan kasuwar faifai na Ingila da Amurka suka laƙaba wa kiɗa da waƙar mutanen da ba Turanci ne harshensu ba. Ma'anar sunan da Hausa ita ce "Kiɗan Duniya". A ƙarƙashinsa a ke tara molon mutanen Mali, da sarewar mutanen Peru, da begen Sufayen Pakistan, da kalangun Hausa, a jera su wuri guda. Tambaya ita ce, shin an yi adalci? Za mu auna ta da makaɗan ƙasar Zamfara, musamman na yankin Gusau da Tsafe da Bunguɗu, gama abin da mutum ya sani shi ne ma'aunin da ba ya ruɗinsa.

Asalin Sunan

Sunan ya fara zama a makaranta kafin ya shiga kasuwa. A farkon shekarun 1960 wani malami na Jami'ar Wesleyan ta Amurka, Robert E. Brown, ya sa shi ga darasin da ya ke koyarwa, inda a kan gayyato makaɗa daga Indiya da Afirka su koya wa ɗalibai da hannunsu. Nufinsa shi ne kiɗan kowace al'umma abin nazari ne, ba na Turai kaɗai ba.

Daga baya ne fatake suka ɗauka. Cikin 1982 kamfanin Island ya fid da faifan Sunny Ade na kiɗan juju a Ingila, sa'an nan cikin 1986 Paul Simon ya fid da Graceland tare da makaɗan Afirka ta Kudu, faifan kuwa ya sayu ƙwarai. Masu saye suka yawaita, amma masu kantuna suka rasa inda za su ajiye irin waɗannan faifai. Saboda haka ran 29 ga Yuni 1987 shugabannin waɗansu ƙananan kamfanonin faifai suka taru a wata mashaya ta birnin Landan mai suna Empress of Russia, suka yi shawara, suka tsai da wannan suna, suka haɗa kuɗin talla, suka yi shela da shi a watan Oktoba na shekarar. Mujallar Billboard ta buɗe masa jeri nasa cikin 1990, masu ba da lambar girma ta Grammy kuma suka fara ba da lamba da sunansa cikin 1992.

Hujjar Masu Goyon Baya

Lalle masu goyon bayan sunan suna da abin faɗi, bai kuwa kamata a hana su gaskiyarsu ba. Kasuwa sai da layi. Ko a kasuwar Gusau mai neman dawa ba ya nufar layin 'yan yadi, kayan da ba su da layi kuwa su kan kwana a hannun mai su. Ta wannan ƙofa Ali Farka Touré na Mali ya sami lambar Grammy cikin 1995, ta nan kuma Bombino, mutumin Agadas, ya shiga cikin 'yan takarar lambar a shekarar 2019. Bikin WOMAD da aka fara a Ingila cikin 1982 ya kai makaɗa da yawa gaban jama'ar da da ba za su taɓa jin labarinsu ba. Wanda ya ci abinci da sunan, ba shi da sauƙi a ce masa sunan banza ne.

Amma akwai bambanci ɗaya. Layin 'yan hatsi, sunansa ya gaya maka abin da ke cikinsa. "Kiɗan Duniya" kuwa kamar layi ne da aka rubuta wa "sauran kaya". Domin a gane nauyin wannan bambanci, sai mu dubi yadda masu abin su ke kiran abinsu.

Yadda Bahaushe Ya Ke Kiran Kiɗansa

Da farko dai Hausa ba ta da kalma guda da ta haɗe abin da Bature ya ke nufi. Akwai kiɗa, akwai waƙa, akwai busa, akwai kirari, akwai roƙo, kowanne da mai yinsa. David Ames da Anthony King sun cika littafi guda cikin 1971 da kalmomin wannan fage kaɗai. Har wa yau, in ka ce wa dattijo a Tsafe, kusa da kufan 'Yandoto garin malamai, "kiɗan duniya", ba ƙasashe za su faɗo masa a rai ba. Abin da zai fahimta shi ne kiɗan shagala, kishiyar bege da waƙar wa'azi, domin a Hausa abokiyar ambaton duniya ita ce lahira.

Bahaushe ya kan san makaɗi da abu uku: wanda ya ke yi wa kiɗa, da abin da ya ke kaɗawa, da lokacin da ya ke yi. Bisa al'ada tambari da kakaki na sarki ne, taushi da kotso da jauje na makaɗan fada ne, su ne a kan ji a ƙofar Sarkin Katsinan Gusau, ko 'Yandoton Tsafe, ko Sarkin Fulanin Bunguɗu, ran Salla ko ran naɗin sarauta. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma a wurin gayya, garaya ta 'yan bori, shantu da kiɗan ƙwarya kuwa na mata ne a cikin gida. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya tsara hanyar nazarin waɗannan waƙoƙi a cikin Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, ya kuma bi sunayen da makaɗan da kansu su ke amfani da su, kamar gindin waƙa da ɗiyanta.

Mu ɗauki Salihu Jankiɗi, wanda aka haifa a Rawayya ta ƙasar Bunguɗu, ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ya rasu cikin 1973. Wannan laƙabi nasa kaɗai ya faɗi abin kiɗansa, da ubangidansa, da matsayinsa a cikin fada. Haka Musa Ɗanƙwairo na Maradun, mai kotso, wanda ya waƙe Sardauna Ahmadu Bello, ya rasu cikin 1991. Haka Sa'idu Faru, makaɗin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo. Kassu Zurmi kuwa 'yan tauri ya ke yi wa, wanda duk ya haɗa shi da Jankiɗi a aji ɗaya, yaran gari ma sai su yi masa dariya. To, in ƙasa ɗaya mai harshe ɗaya ta rarrabe makaɗanta haka, ina ga sunan da ya yi wa nahiya huɗu kuɗin goro?

Inda Rashin Adalcin Ya Ke

Aibu na farko shi ne sunan bai siffanta kiɗan ba, mai sauraro ya siffanta. Abin da ya haɗa taushin Rawayya da sarewar Peru ɗaya ne tak, watau dukansu baƙi ne a kunnen mutumin Landan. Nasa kiɗan ya rarraba shi daki-daki, kowane iri da sunansa da lambar girmansa, na sauran mutane ya zuba a buhu guda. Ba ma harshe ne ainihin iyakar ba. Burna Boy, mutumin Fatakwal, da Turancin kasuwa ya ke yawancin waƙarsa, amma da ya ci Grammy cikin 2021 a wannan rukuni aka ba shi. Ashe abin da a ke dubawa shi ne daga ina mutum ya fito.

Aibu na biyu shi ne ya raba waƙa da maganarta. Gwanintar makaɗin fada tana cikin harshe: ya jero asalin ubangida, ya yabe shi, ya yi wa abokin hamayyarsa zambo, ya yi habaicin da fada duka za ta gane ba tare da an ambaci suna ba, 'yan amshi suna karɓa. Ganga ma magana ta ke yi, gama Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, saboda haka kalangu ya kan faɗi taken mutum, mai taken ya ji ya tsima. Wanda bai ji Hausa ba, balle karin harshen Zamfara, amon fata kaɗai ya ke ji. Ba laifi ba ne ya ji daɗin amon, amma sunan ya sa shi tsammanin ya sami duka, alhali kuwa ɓawo ya samu.

Aibu na uku ya fito daga na biyu. Tun da ya ke kasuwar amo ta ke saye, wanda ta kan zaɓa shi ne mai kayan tsirkiya, wanda kiɗansa ya yi kusa da abin da kunnen Bature ya saba. Don haka masu jita na Mali da Nijar suka shiga, amma Jankiɗi da Ɗanƙwairo, har da Mamman Shata wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa cikin 1988, ba su yi suna a cikinta ba. Sunan da ya ce ya ƙunshi duniya ya bar manyan makaɗan harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi a waje.

Su kansu masu sunan sun ji nauyinsa. Cikin 1999 mawaƙin nan David Byrne ya rubuta a jaridar New York Times cewa ya ƙi jinin sunan. A watan Nuwamba 2020 masu Grammy suka musanya kalmar da wata mai kusan ma'ana ɗaya, cikin 2024 kuma suka fara ba da lamba ta musamman ga kiɗan Afirka. An sake riga, amma buhun yana nan, sai dai an rage masa girma.

Namu Tudun

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu ma mu kan ce "waƙar Indiya" ga ƙasa mai harsuna barkatai, mu ce "kiɗan Turawa" ba mu rarrabe ba. Wannan halin ɗan Adam ne ga abin da ke nesa da shi, bambancin kawai shi ne namu sunan bai mallaki kantuna da lambobin girma na duniya ba. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne kuɗin goron da mu ke yi wa namu. Kalmar "kiɗan gargajiya" ta haɗa Sarkin Taushi da 'yan matan shantu da makaɗin bori, ta kuma nuna kamar dukansu kayan da ne. Alhali Ɗanƙwairo siyasar zamaninsa ya waƙe, Sani Sabulu na Kanoma kuma halin mutanen da ya ke gani da idonsa ya ke faɗi. In ɗalibi a Gusau ya tashi bai san bambancin taushi da kotso ba, ba mutanen Landan ne suka ɓatar masa da shi ba.

Hukunci

Abin da ya bayyana shi ne, "Kiɗan Duniya" alama ce ta kanti, ta yi wa waɗansu makaɗa rana, amma ba ta isa ta zama sunan ilmi ba, domin ta auna kowa da nisansa daga mai saye. Matuƙar an ɗauke ta a matsayin bayanin abin da kiɗan ya ke, ba a yi adalci ba.

Aikin da ya rage na malamai ne, musamman masu horad da malamai. Kowace waƙa aka kawo aji, ya kamata a faɗi sunan makaɗin, da garinsa, da abin kiɗansa, da wanda ya yi wa, da dalilin yinta, kana a rubuta maganarta da karin harshen da aka yi ta, kada a gyara shi zuwa Kananci. Faifan da ke ajiye a gidajen rediyo da hannun iyalan makaɗa, in za a ɗora su a intanet, a ɗora su da waɗannan bayanai. Baƙo ya kan kira abu da sunan da ya ji masu gida suna kiransa. In ya tarad da shi ba suna, sai ya raɗa masa nasa.