Juyar da Hanyar Tafiya Daga Wani Tsarin Fayil Zuwa Wani: Jagora ga Matafiyin Babur



Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana abin da ke faruwa ga hanyar tafiya sa'ad da aka zana ta a taswirar kwamfuta, sa'an nan aka ɗauke ta zuwa wayar hannu ko na'urar GPS da ke ɗaure a kan babur. Da farkon ji, mutum ya ce ai wannan ƙaramin al'amari ne, danna maɓalli ne kurum. To, amma wanda zai yi kwana uku ko huɗu bisa babur, da ɗan tankin mai, a wuraren da waya ba ta kamawa, shi ya san kuskuren kilomita 40 yana iya zama kwanan daji. Abin da nake so mu fita da shi guda ɗaya ne: juyar da fayil tafinta ce, kuma duk tafinta akwai abin da take zubarwa. Wajibi ne matafiyi ya san abin da ya zube tun yana gida.

Domin maganar ta zauna, za mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi, watau tafiyar kwana uku daga Kano zuwa Gembu a bisa tsaunin Mambila. Rana ta farko a bi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi a kwana Bauci. Rana ta biyu a ratsa Gwambe, a haye gadar Binuwai a Numan, a kwana Jalingo. Rana ta uku a bi ta Bali da Serti, a hau tsauni.

Asalin Tsare-tsaren

Amurka ta harba tauraron ɗan Adam na farko na GPS a 1978, tsarin ya kammala a 1995. Har zuwa watan Mayu na 2000 ana rage ingancin saƙon da farar hula ke samu da gangan, ta yadda na'ura kan kauce da kimanin mita 100. Da aka daina haka, sai na'urorin hannu suka bazu, kowane kamfani kuwa da irin rubutunsa: Garmin da GDB, TomTom da ITN, haka sauran. Fayil ɗin wannan ba ya buɗuwa a na'urar wancan.

Don magance wannan ne kamfanin TopoGrafix ya fito da tsarin GPX a 2002, aka yi masa gyara a 2004, gyaran da har yanzu ake aiki da shi. Rubutu ne sarari, wanda mutum na iya buɗewa ya karanta da idonsa. Shi kuwa KML, kamfanin Keyhole ne ya ƙago shi, Google ya sayi kamfanin a 2004, a 2008 kuma aka amince da tsarin a matsayin ma'auni na kowa da kowa. KMZ ba wani abu ba ne illa KML da aka matse, a wani lokaci tare da hotuna.

Abin lura a nan shi ne manufar kowanne dabam ce. An yi GPX domin na'urar da ke tafe a hanya, an yi KML domin zane a bisa hoton duniya, da launi da kauri da bayani. Saboda haka KML ya san layi da ɗigo, amma bai damu da ko layin nan hanya ce ko iyakar gona ba.

Abubuwa Uku da ke Cikin Fayil

Fayil ɗin GPX yana iya ƙunsar abubuwa iri uku, kuma yawancin wahalar matafiya daga rashin bambance su take fitowa. Zan ari kalmomin fatake don bayyana su.

Na farko shi ne zango, watau wuri guda mai suna, kamar masauki ko gidan mai ko wurin bakanike. A cikin fayil ana rubuta shi wpt. Zango yana tsaye da ƙafarsa, bai haɗu da kowa ba.

Na biyu shi ne kwatance, wanda ake rubutawa rte. Jerin wurare ne kaɗan bi da bi, kamar madugu ya ce wa jagaba, "Ka bi ta gari kaza, sa'an nan gari kaza." Abin da ke tsakanin gari da gari ba ya cikin fayil. Na'urar ce za ta lissafa shi da kanta, bisa taswirar da ke cikinta da kuma zaɓin da aka saita mata.

Na uku shi ne sawu, wanda ake rubutawa trk. Dubban ɗigogi ne kusa da kusa, masu nuna kowace kwana da kowane lanƙwasa, kamar sawun ayari a kan rairayi. Na'ura ba ta sake lissafa shi, sai dai ta shimfiɗa shi a bisa taswira, matafiyi ya bi.

Kowanne da amfaninsa da kuma aibinsa. Kwatance yana sa na'ura ta yi magana, ta ce a juya dama ko hagu, ta faɗi sauran nisa. Amma idan taswirar kwamfutar da aka yi shiri da ita ta bambanta da ta na'urar, hanya biyu za a samu daga fayil ɗaya. Alal misali, idan kwatancenmu bai ƙunshi Ningi da Bauci ba, ya ce Birnin Kudu sa'an nan Gwambe, na'ura tana iya yankewa ta Darazo da Dukku, alhali masauki yana Bauci. Sawu shi ba ya canzawa ko a wace na'ura aka sa shi, sai dai galibi bebe ne, kuma idan gada ta karye ba zai nemo wata hanya ba.

Abin da ke Zubewa Wajen Juyi

Yanzu sai mu duba wuraren da tafintar ke yin ɓarna. Zan kawo guda biyar.

Na ɗaya, canjin jinsi. Taswirar Google ta yau da kullum ba ta fitar da GPX kai tsaye, kuma wurare goma kaɗai take karɓa a tafiya guda. Akan zana hanya a sashenta na My Maps, a fitar da KML, sa'an nan a juya shi. Tun da KML layi kurum ya sani, manhajar juyi ce za ta yanke hukunci ko ta mai da shi sawu ko kwatance. In ta mai da layi mai ɗigo 8,000 ya zama kwatance, to na'ura za ta ɗauki kowane ɗigo a matsayin wurin tsayawa, ko dai ta ƙi fayil ɗin ko ta datse shi.

Na biyu, yawan ɗigogi. Kowace na'ura tana da iyaka. Tsofaffin na'urorin Garmin da yawa ɗigo 500 kaɗai suke ajiyewa a sawu guda, na baya-bayan nan kuwa da dama sukan kai 10,000. Mu yi lissafi: tafiyar kilomita 1,000 da ɗigo ɗaya a kowace mita 20 ta kama ɗigo 50,000. In aka matse ta zuwa 500 ta hanyar tsame ɗigo a kai a kai, ɗigo ɗaya ke nan a kowace kilomita 2. A miƙaƙƙiyar hanya wannan ba laifi, amma a hawan Mambila, inda hanya ke naɗewa kamar gammo, layin zai ratsa kwazazzabai ya bar titi. Akwai dabarar ragewa da David Douglas da Thomas Peucker suka wallafa a 1973, wadda ke zubar da ɗigogin da ke kan miƙaƙƙen layi, ta bar na kwana. Manhajar da ke aiki da irin wannan dabara ita ya kamata a nema.

Na uku, lambobin wuri. Ana nuna kowane wuri da lambobi biyu: nisansa arewa ko kudu daga layin da ya raba duniya biyu, da nisansa gabas ko yamma daga layin Greenwich da ke Ingila. Al'adar mutane ita ce su fara da lambar arewa, amma KML da lambar gabas yake farawa. Kano tana wajen digiri 12 arewa, 8.5 gabas. In aka musanya su, sai ɗigon ya faɗa wajen Ganye a Jihar Adamawa, nisan fiye da kilomita 500. Manhajoji nagari ba sa wannan kuskure, mai kwafar lambobi da hannu shi ke yin sa. Haka kuma digiri ɗaya na arewa kimanin kilomita 111 ne, kuma minti 60 ke cikinsa. Digiri 12 da minti 30 shi ne 12.5, wanda ya rubuta 12.30 ya kauce da kilomita 22. Bugu da ƙari, kada a yarda manhaja ta datse lambobin da ke bayan ɗigo: guda biyar suna kai mutum cikin mita ɗaya da 'yan kai, guda uku kuwa sai cikin mita 111.

Na huɗu, tushen awo. GPX da KML duka suna bisa ma'aunin duniya da ake kira WGS 84. Tsofaffin taswirorin safiyo na Nijeriya kuwa an gina su ne bisa tushen awo na Minna. Wuri guda yana da lambobi dabam a ma'aunan biyu, bambancin bai cika wuce mita 100 ba. Ga mai neman gari wannan ba kome, amma ga ma'aikacin da ya kwaso lambobin wata mashiga ko rijiya daga tsohuwar taswirar ofis, mita 80 ta isa ta ɗora shi a ɗaya gaɓar rafi.

Na biyar, ƙarin bayani. GPX ya bar ƙofa ga kowane kamfani ya cusa nasa bayanin. A nan ne Garmin ke rubuta bambanci tsakanin wurin da lalle a tsaya da ɗigon da aka sa don lanƙwasa hanya kawai. Manhajar da ba ta san wannan ƙari ba takan zubar da shi ba tare da ta ce uffan ba. Sakamakon haka, na'ura ta dinga matsa wa mutum ya koma baya ya taɓa wani ɗigo da ya wuce. Launi da hotunan KML su ma sukan tafi, haka tsayin ƙasa a wani lokaci. Har ila yau, haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, sukan rikiɗe su zama tarkace a wasu na'urori, wasu kuma sukan guntule dogon suna. Zangon da aka raɗa wa gajeren suna ya fi tsira.

Yadda Za a Tsara Aikin

Daga abin da ya gabata, ga matakan da suka dace.

Da fari, a ajiye uwar fayil guda a tsarin GPX, kada a taɓa ta. Duk juyin da za a yi daga gare ta za a yi. Juyi a kan juyi kamar saƙon baka ne, kowane baki da abin da yake ragewa.

Na biyu, a raba tafiya kwana-kwana, kowace rana da fayil ɗinta, daga ƙofar masauki zuwa ƙofar masauki, da suna mai lamba: 1 Kano-Bauci, 2 Bauci-Jalingo, 3 Jalingo-Gembu. Wannan yana kawar da matsalar yawan ɗigogi, kuma in hanyar rana ɗaya ta canza, ita kaɗai za a gyara.

Na uku, kowace rana a ɗauki kwatance da sawu tare. Kwatance ya yi magana, sawu ya zama shaida. In layukan biyu suka rabu a fuskar na'ura, sawu za a gaskata, a tsaya a duba dalili.

Na huɗu, ɗigogin kwatance a sa su a kan titin da ake nufi, bayan mararraba da ɗan nisa. Ɗigon da aka sa a tsakiyar mararraba bai faɗa wa na'ura ɓangaren da za ta bi ba, wanda aka sa a tsakiyar gari kuma zai shigar da mutum cunkoson kasuwa.

Na biyar, gidajen mai da masaukai su zama zanguna a fayil na dabam. A auna tazarar da ke tsakaninsu, a gwada ta da nisan da cikin tanki ɗaya ke kaiwa, a bar rara, musamman a rana ta uku da hawa ke shan mai.

Na shida, gwaji. Kayan aikin ba su da wuyar samu: GPSBabel, wanda Robert Lipe ya fara, kyauta ne kuma yana juya tsare-tsare da yawa, OsmAnd kuma yana buɗe GPX a waya ko babu intanet, bisa taswirar OpenStreetMap da aka kafa a 2004. Bayan juyi, a buɗe sabon fayil a cikin ainihin na'urar da za a yi tafiya da ita, a duba abu uku: jimillar nisa, yawan zanguna, da siffar layi a wuraren kwana. In uwar fayil ta ce kilomita 300, na'ura ta ce 270, to an yanke wani wuri, sai a nemo shi. In ayari ne, kowa ya faɗi nisan da na'urarsa ta nuna tun daren tashi, har lambobi su zo ɗaya. A kuma sauke taswirar yankin cikin waya tun ana inda intanet ke kamawa.

Kammalawa

Jama'a, mun ga cewa fayil ɗin hanya yana ɗauke da zango ko kwatance ko sawu, kuma juyi yana iya canza jinsinsa, ya rage ɗigoginsa, ya gurɓata lambobinsa, ko ya zubar da ƙarin bayaninsa. Maganin duka shi ne uwar fayil guda, rabon kwanaki, da gwaji kafin tashi.

Saura abu ɗaya. Ko fayil ya fita lafiya lau, bai san damina ta cinye kwalbati ba, bai san dokar da wata jiha ta kafa a kan babura ba, bai kuma san halin tsaron hanya a wannan mako ba. Waɗannan a bakin direbobin tasha da mutanen gari ake samunsu. Matambayi ba ya ɓata. A rubuta sunayen garuruwan kowace rana a takarda, a sa a aljihu, domin takarda ba ta bukatar caji.