Gwani Baƙo Da Duwatsun Ƙasar Dutse

A Turai, mutumin da ya gwanance da wasan zamiya a kan ƙanƙara, in aiki ya kai shi wata ƙasa, abin da ya kan fara tambaya shi ne ina gangaren da ya yi daidai da gwanintarsa. Can an sauƙaƙa wa baƙo, gama a manyan duwatsun Faransa da Suwizalan kowane gangare da alamarsa: shuɗi mai sauƙi, ja matsakaici, baƙi kuwa sai gwanaye. Mu nan ba mu da ƙanƙara, amma Allah ya ba mu duwatsu, kuma ba wanda ya sa musu alama.

Tun 1991 da Dutse ta zama babban birnin Jigawa, malamai da akawuna suke ta zuwa canjin aiki. A cikinsu akwai waɗanda suka saba da Kufena ta Zariya ko duwatsun Jos, sun sha tambayarmu ina za su hau, ina kuma za su kai yaran makaranta. To, ga abin da muka gani.

Duwatsun Dutse, wajen Garu inda gidan Sarki yake, curi-curi ne, wani bisa wani. Ba su da tsawon da zai firgita gwani, shi ya sa su kan ruɗe shi. Hawa ba wuya, mutum na dafa wannan ya taka wancan, amma in ya juyo sai ya ga hanyar da ya biyo ta ɓace masa. Tsakanin duwatsun akwai ramummuka masu zurfi, ga macizai, ga zuma a kogo. Baƙo, ko shi wane ne, ya nemi yaron unguwa ya shige masa gaba. Wannan ba abin kunya ba ne.

Mu dai Birnin Kudu muka fi so, tafiyar da ba ta kai mil 30 ba. Nan ne ake samun falalen dutse mai sulɓi, irin wanda yara kan zauna bisa ɗan dutse su zamo sululu har ƙasa. Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan kayan tarihi na Jos, ya yi rubutu a kan irin wannan zamiya cikin 1957, tare da duwatsun da ke amo kamar ƙuge in an buga su. A Dutsen Habuɗe da Dutsen Mesa kuwa akwai zanen shanu na mutanen dā, waɗansu masu dogayen ƙahoni ba tozo. Malami ya samu hawa, ya samu darasin tarihi. Sai dai a hana yara taɓa zanen, don Gwamnati ke tsaronsa. Da damina kuwa kada a kusanci falalen ko kaɗan. In gansakuka ta kama shi, wanda ya shekara 20 yana hawa da wanda ya fara jiya duk ɗaya ne.

Wajen Jahun ba dutse, sai jigayin rairayi. Gwani ba zai sami abin da zai gwada shi ba, amma wanda ya faɗi ya kakkaɓe ya tashi. Malamin da ke da 'yan aji ɗaya ya fara da nan, da sassafe cikin hunturu, tun rairayi bai ɗau zafi ba.