Sahihi da Ƙage a kan Canjin Boris ɗin Ƙafar Mota

Daga cikin maganganun da suka yawaita a bakin direbobi da kanikawa a Gombe, tun daga Tashar Dukku har garejojin hanyar Bauchi, akwai batun boris ɗin ƙafar mota, wanda aka cakuɗa sahihi da ƙage a cikinsa har mai mota ya rasa wanda zai kama.

Ana cewa in boris ya fara gurnani, giris kawai yake bukata. Wannan magana tana da asali, sai dai an raba ta da muhallinta, domin irin na ƙafar bayan Golf 3 lalle ana kwance shi a wanke, a cika shi da giris, a daidaita notinsa, alhali na gaban Corolla da Camry a rufe yake fitowa daga masana'anta, ba shi da magani illa canji. Ko mai buɗewar ma, muddin gurnani ya bayyana, ƙarfen ya riga ya ci, giris kuwa ɓoye illar kurum zai yi.

Cewa wajibi ne a canja hagu da dama tare ba shi da hujja. A ɗaga mota a jak, a kama taya sama da ƙasa a jijjiga, a juya ta a saurara. Ƙafar da ta yi wasa ko kuka ita ke da laifi, sai dai sau da yawa tayar da ta ci gefe guda ce ke ƙarar, ba boris ba.

Masu fifita ɗan Beljiyam a kan sabo suna da uzuri, gama jabu ya yi yawa, har a cikin kwali mai sunan SKF ko Koyo. Amma a yi tafsili: wanda ya zo haɗe da hob ɗinsa, ana ɗaure shi da kusoshi, ana iya gwada sa'a da shi bayan bincike, wanda aka tumɓuke daga mazauninsa kuwa, galibi tumɓukewar kanta ta naƙasa shi.

Mafi munin ƙagen, a ganina, shi ne cewa guduma da injin matsi duk ɗaya ne wajen shigar da boris. Kowane bugu yana barin ɗan lotsi a hanyar da ƙwayoyin ƙarfen suke gudana, lotsin da ido ba ya gani ranar nan, amma bayan 'yan watanni a kan ramuka da ruwan damina sai gurnani ya dawo, a la'anci mai sayar da kaya, alhali aikin ne ya ɓaci. Haka kuma notin da aka ɗaure da ka, ba bisa ma'auni ba, da boris mai maganaɗisun ABS da aka sa a juye.

Abin da babu saɓani a kansa shi ne haɗarin jinkiri, domin boris da ya lalace yakan yi zafi har ya cije, ko ƙafa ta fita ana cikin gudu. Saboda haka, ya kai mai mota, kafin ka tambayi farashi, tambayi bakanike da me zai shigar da shi.