Ɗauraya Ita Ce Aikin: Abin da Wankin Tagogi Ya Koya Mana

Tun 1991 da ƙungiyar CARE ta soma tsarin Mata Masu Dubara a nan jihar Maradi, sana'o'in da muka saba ɗaukar bashin asusu dominsu sanannu ne: ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, kiwon tumaki, tuyar ƙosai. To, mu a ƙungiyarmu ta nan Dakoro mun gwada wata sabuwa, wato wankin tagogin gilashi. Mun sha kunya a farkonta, shi ya sa muka ce bari mu ba ku labari, kada wata ta faɗa ramin da muka faɗa.

Bara da hunturu, wata ma'aikata a cikin gari tana jiran baƙi, aka ce ana neman masu wanke tagogi 20. Mu huɗu muka karɓi aikin. Muka ɗauki bashin jika 5 a akwati, muka sayi bokitai da soso da Omo. Da aka tambaye mu kuɗin aiki, sai muka dubi juna, muka ce jika 3. Da hantsi muka soma, kafin azahar mun gama, gilashi yana ta ƙyalli tun da yake jiƙe ne. Washegari sai ga mai gadi har gida: "Hajiya, ku zo ku ga aikin da kunka yi." Kowace taga ta yi zane-zanen fari, kamar yaro ya bi ta da alli. Ba a biya mu ba sai da muka sake. Da muka fitar da kuɗin ruwa da sabulu na kwana biyu, dala 160, kowace ta tashi da dala 110. Ga kuma jika 5 da rabi na jiranmu a ƙarshen wata, tun da dokarmu kashi 10 cikin 100 ne a kan bashi.

Ranar zubi ma'ajiyarmu ta ce: "Ku ba wankin ne kunka kasa ba, ɗauraya ce." Gaskiyarta. Abu uku ne suka haɗu suka ɓata mana aiki. Mun zuba Omo da yawa, shi kuwa ko an goge yana barin saura a jikin gilashi, ƙura ta zo ta manne. Mun yi aiki cikin rana, ruwa yana bushewa kafin hannu ya kai gare shi. Na uku shi ne ruwan kansa. Ku leƙa cikin tukunyar da kuke dafa ruwa kullum, za ku ga farin abu ya kama gindinta. Gishirin ƙasa ne da ke cikin ruwan rijiya da na famfo. Ruwa ya bushe ya tafi, shi ya zauna. A ƙasashen Turai masu wannan sana'a suna tace ruwa har sai babu gishirin ko kaɗan, su ɗauraye gilashi su bar shi ya bushe da kansa, ba tabo. Mu ba mu da injin tacewa, amma muna da dubara.

Ga yadda muke yi yanzu. Muna fita bayan asuba, ko kuma mu bi gefen ginin da inuwa take. Kafin ruwa ya taɓa taga, sai mun kakkaɓe ƙura da busasshen tsumma mai laushi, don rairayin Dakoro idan aka murza shi da soso yana karce gilashi, karce kuwa ba ya wankuwa. Sai mu wanke ƙarfen da ke zagaye da gilashin tukuna, musamman na sama. In an bar shi da datti, ruwan da zai tsiyayo daga baya shi zai zana layi a kan aikin da aka gama.

Bokiti biyu muke ajiyewa. Na farko na wanki, da ɗigo kaɗan na sabulun ruwa, ba mai kumfa har baki ba. Na biyu na ɗauraya, kuma soso ba ya shiga cikinsa ko sau ɗaya. A ciki muna zuba binegar kamar rabin kofin shayi, ko mu matse lemun tsami mu tace, don tsami yana narkar da farin tabon nan. Da damina kuwa ruwan sama da aka tara aka tace ya fi kowane ruwa kyau. Ɗauraya daga sama take somawa ta yi ƙasa, taga ɗaya bayan ɗaya. Kada a wanke biyar a ce za a dawo a ɗauraye. Nan take a janye ruwan da raklet, abin nan mai bakin roba, ana share bakinsa bayan kowane ja. Wadda ba ta da shi ta yi da tsohon zanen auduga mai tsabta wanda ba ya zubar da zare. In an gama, a koma gefe a dubi gilashin a karkace, nan aibi yake fitowa.

Masu faifan sola ma sun soma kiranmu, don ƙurar hunturu tana rage masa ƙarfi. Shi da sassafe ake wanke shi, tun bai ɗauki zafi ba, da ruwa zalla da tsumma mai laushi. Ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi yana iya tsaga shi, wannan kuwa asara ce da asusunmu ba zai iya ɗauka ba.

Sai batun kuɗi. Mun daina yanka farashi daga bakin ƙofa. Muna shiga mu ƙirga tagogi da idonmu, mu nuna wa mai gida duk gilashin da ya riga ya tsage kafin mu taɓa shi. Taga mai gilashi shimfiɗe, ciki da waje, dala 50 muke karɓa. Taga nako mai yanka-yanka dala 80, tun da kowane yanki sai an bi shi gaba da baya. Wankin farko, inda datti ya shekara, muna ƙara rabin kuɗin. Wadda sai an hau tsani ita ma da nata. Ku yi lissafi da mu: tagogi 20 a dala 50, jika 5 ke nan. A fitar da jika 1 ta ruwa da sabulu da binegar, a jefa dala 100 a akwati don ranar da roba za ta cinye ko bokiti ya fashe. Saura jika 3 da rabi, mata biyu ne suka yi aikin a safiya ɗaya, kowace dala 350.

Akwai masu cewa mun yi tsada. Mukan ce musu araha ba ta ado, kuma in suka ga tabo bayan ya bushe, mu dawo kyauta. Ma'aikatar nan da muka sha kunya a cikinta, yanzu duk wata take kiranmu, bashin ma mun biya shi tuni.

Roƙonmu ga sauran ƙungiyoyi, na cikin gari da na Kornaka da Sakabal: in za ku shiga sana'ar nan, mu zauna mu tsaida farashi ɗaya. In wata ta karya don ta sami aikin yau, gobe dukanmu za mu yi wahalar banza. Wadda take son koyo ta same mu ranar zubi, ta zo da bokitinta, mu gwada a tagar gida kafin a je ta mutane. Allah ya sa albarka a neman kowa.