Kuɗin Ƙa'ida a Takardar Wuta: Ba Mita Ce Ke Sata Ba

Kuɗin ƙa'ida shi ne tsayayyen kuɗin da kamfanin wuta ko na gas ke ɗora wa gida a kowane wata, ko an kunna ƙwai ɗaya ko ba a kunna ba. A ƙasashen da ke aiki da Faransanci, akan rubuta shi "prime fixe" a jikin takarda. Dabam yake da kuɗin yunit, wanda ke hawa da sauka gwargwadon abin da gida ya sha.

A Libreville, babban birnin Gabon, kamfanin SEEG ne ke raba wuta da ruwa, kuma gidaje da yawa suna kan mitar EDAN, wadda sai an sayi yunit kafin a sha. A nan ne wani zance ya samu gindin zama, daga rumfunan kasuwar Mont-Bouët har zuwa gidajen haya na Akébé da Nzeng-Ayong: wai duk kuɗin da aka biya bai koma yunit ba, to mita ce ta cinye, ko mai sayarwa ya yi ƙwange. Irin wannan magana ake ji a Kano da Maraɗi. Mafi yawan masu yaɗa ta ba su taɓa karanta rasit ɗinsu zuwa ƙasa ba.

Wutar Libreville ba daga bangon ɗaki take fitowa ba. Wani kaso nata yana tasowa ne daga madatsun ruwa na Kinguélé da Tchimbélé a kan kogin Mbei, ya ratso daji a kan manyan wayoyi, wani kuma daga tashoshin da ke ƙona gas a Owendo. Falwaya, taransifoma, mita, albashin masu gyara cikin dare da ruwan sama, duk suna cin kuɗi ko da mai gida ya kulle ƙofa ya tafi ganin gida Oyem na wata uku. Ɗan kasuwar da ya kama rumfa yana biyan haya ko ya yi ciniki ko bai yi ba, kuma ba ya kiran mai rumfa ɓarawo. Ban da wannan, akwai harajin gwamnati da gudunmawar fitilun titi, waɗanda kamfani ke karɓa ne kawai ya miƙa.

Masu cewa a soke kuɗin ƙa'ida wuta ta yi araha, sai su dubi Najeriya. Kafin 2016, gidaje a Legas suna biyan naira 750 a wata. Mai mitar kati da ya yi wata uku bai sayi wuta ba, idan ya kai naira 3,000, sai a fara zare 2,250 na bashin da ya taru, ya tashi da wutar naira 750. Jama'a suka yi ta kuka, kuma kukan yana da hujja, domin unguwa takan yi makonni cikin duhu amma a kawo takarda. A 2014 hukumar NERC mai sa ido kan harkar wuta, ƙarƙashin Sam Amadi, ta ce wanda ya yi kwana 15 babu wuta a cikin wata kada a karɓi wannan kuɗi daga gare shi. Daga 1 ga Fabrairun 2016 aka soke shi gaba ɗaya. A rana guda kuma farashin yunit ya tashi da kusan kashi 45 cikin 100. Kuɗin bai ɓace ba, ya koma cikin yunit ne. Mai ƙaramin ɗaki ya ɗan samu sauƙi, mai firiza da injin niƙa ya ji a jikinsa.

Gas kuwa, a Libreville da ƙasar Hausa a tukunya ake sayensa, don haka babu kuɗin wata-wata a kansa. A Ingila, inda bututu ke shiga gida, kullum ake lissafa shi, na gas dabam na wuta dabam, ƙarƙashin iyakar da hukumar Ofgem ke yankewa.

Abin takaici shi ne yadda aka mai da wannan jahilci lasisin satar wuta. Mutum zai kira yaro ya jona masa waya ta bayan mita, yana cewa haƙƙinsa yake ƙwatowa. Haƙƙin wa? Wutar da ya sata maƙwabcinsa mai biya ne zai ɗauki nauyinta, taransifomar unguwa ce za ta ƙone, kuma a gidajen katako da ke manne da juna tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi layi guda. Haka nan masu neman yunit mai rahusa a hannun 'yan bayan fage: badaƙalar sayar da tikitin EDAN ta haramtacciyar hanya tana cikin abin da ya sa hukumomin Gabon suka ɗora SEEG ƙarƙashin shugabancin riƙon ƙwarya a watan Agustan 2024.

Abin da ya kamaci mai gida ba shi da wuya. Ya karɓi rasit duk lokacin da ya sayi wuta, ya duba layi-layi: nawa ne yunit, nawa ne haraji, nawa ne tsayayyen kuɗi, nawa ne tsohon bashi. Ya ajiye na watanni a jere don ya kwatanta. Mai shiga sabon gidan haya ya binciki bashin da ke kan mita kafin ya biya kuɗin ɗaki, kada ya gaji na wanda ya tashi. Gidan da mutane da yawa ke kan mita ɗaya, a raba tsayayyen kuɗi daidai wa daida, yunit kuma gwargwadon kayan kowa, a rubuta a takarda don kada zumunci ya lalace. Idan lissafi bai fita ba, a je ofishin kamfani da rasit a hannu. In ba a samu biyan buƙata ba, a Gabon akwai hukumar ARSEE, a Najeriya akwai NERC. Wanda ya je da rasit ana sauraronsa, wanda aka kama da waya a bayan mita kuwa tara ce ke jiransa.