Dogon hutu da ajamin Yahudawa

Duk wanda ya shiga kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis cikin damina zai ga samarin da suka ajiye alƙalamin jarrabawar WAEC da NECO. Wani na riƙe da igiyar rago yana jiran dillali, wani na taya lodin shanu a tirela. 'Yan uwansu na Gagarawa da Sule Tankarkar suna gona, ana fama da noman gero. Wanda iyayensa ke da hali a tura shi lesin a Gumel, ya ƙara Turanci da lissafi da kwamfuta kafin gurbin jami'a ya samu.

Yahudawan Amurka suna da wata dabara ta cin moriyar irin wannan hutu. Jami'ar Brandeis da ke Waltham a jihar Masacusets, wadda aka kafa a 1948, ta buɗe shirin Genesis a 1997, inda 'yan sakandare ke tarewa a jami'ar na 'yan makonni suna nazarin tarihi da addini da al'adun Yahudawa. Amma wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne na cibiyar littattafan Yidish da ke garin Amherst, mai tara ɗalibai su karanta adabin kakanninsu, su yi ta muhawara a kai da malamai.

Yidish ɗin nan, in ka duba, ajami ne. Tushensa Jamusanci, amma da haruffan Ibrananci ake rubuta shi, daga dama zuwa hagu. Ibrananci na ibada da malanta, Yidish na gida da kasuwa, kamar dai zaman Larabci da Hausa a wurinmu. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu masu jin sa sun kai miliyan 11. Mafi yawan Yahudawa miliyan 6 da gwamnatin Hitila ta hallaka da shi suke magana. Jikokin waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka kuwa suka tashi da Turanci, littattafan kaka suka zama tarkace, har ana zubar da su a bola. A 1980 wani ɗalibi, Aaron Lansky, ya shiga bi gida gida yana kwasowa. Abin da aka ceto ya haura littafi miliyan guda. Da ɗakin cibiyar ta Amherst ya cika sai aka ga saura masu karantawa, kuma kamun su tun suna 'yan shekara 16 ko 17 ya fi sauƙi.

Mu ma muna da tarinmu. Tun da Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawar Kano a 1909 boko ke ture ajami sannu a hankali, har a 2007 aka cire shi daga ƙananan takardun naira. Gidan Arewa a Kaduna da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato sun adana abin da suka iya. Saura yana cikin gafaka da tsofaffin adakoki a zaurukan malamai: waƙoƙin wa'azi, wasiƙun fatake tsakanin Gumel da Damagaram, lissafin bashi, laƙanin magani. Gara ba ta hutu.

Abin da ke ba ni takaici shi ne namu aikin ya fi nasu sauƙi nesa ba kusa ba. Yaron Amherst yawanci ta fassarar Turanci yake saduwa da adabin kakansa. Namu kuwa Hausar tana bakinsa, baƙaƙen ya haddace su tun a makarantar allo. Abin da ya rage a nuna masa yadda magabata suka lanƙwasa harafin Larabci ya ba da sautin ɓ da ɗ da ts, sai kuma ido ya saba da hannun kowane marubuci. Aikin mako uku ne ko huɗu, kuma daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba azuzuwan sakandaren Gumel da Maigatari a kulle suke.