Shirin Musamman: Wa Zai Kwana a Rugar Gadabeji?

[Kiɗan buɗe shiri: sarewar makiyaya]

 Shirinmu na musamman na yau zai tashi daga nan Dakoro, ya leƙa wani tsibiri a tekun Bahar Rum, sa'annan ya dawo gida ya nausa arewa, ya haye kwarin Tarka har Gadabeji. Tambayar da muka riƙo ita ce: ƙauye da ruga za su iya cin abinci da baƙi masu yawon buɗe ido, ba tare da an sayar da gona ko an zubar da mutunci ba?

Tsibirin sunansa Saifurus. Wasunku sun san shi, don ƴaƴan Kano da Katsina da dama sun je karatun jami'a a arewacinsa. A tsakiyarsa akwai duwatsun Turodos, waɗanda ƙololuwarsu ta kai mita 1,952, ga ƙauyuka maƙale a jikinsu, gidajen dutse da lunguna matsattsu. Tun daga shekarun 1960 samari suka riƙa gangarawa birane da bakin teku, inda otal-otal ke tashi, aka bar tsofaffi da gidaje a kulle, rufi yana ruftawa. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Kornaka ko Birnin Lalle da rani ya san yadda gari ke komawa in majiya ƙarfi sun tafi Libiya, Aljeriya ko Najeriya neman na kai.

A farkon shekarun 1990 hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar ta fito da wata dabara. Mai tsohon gida a ƙauye, a tallafa masa ya gyara, da sharaɗin kada ya sauya fasalin ginin kakanninsa, ya ware ɗaki biyu ko uku ya riƙa saukar da baƙi. A 1996 aka kafa kamfani guda da ya haɗa masu irin waɗannan gidaje yana tallata su. Baƙo ya kwana a ƙauye, ya ci abin da aka noma a wurin, ya sayi abin da aka yi da hannu. Ƙauyen Agros ya shahara da ruwan wardi, a watan Mayu ake tsinkar furen. Matan Lefkara kuwa ɗinkin hannunsu ya shiga kundin al'adun duniya na UNESCO a 2009. Ga kuma cukunsu da suke kira halumi, wanda asalinsa na nonon tumaki da awaki ne, ana gasa shi a wuta bai narkewa. A 2021 Tarayyar Turai ta kare sunansa: in ba a tsibirin aka yi shi ba, babu mai sayar da shi da wannan suna a kasuwanninta.

Amma kada mu yi saurin cewa mu ma haka za mu yi. A 2019 baƙi kusan miliyan 4 suka shiga Saifurus. Sun riga sun zo, suna kwance a bakin teku da kuɗi a aljihu. Aikin da ya rage shi ne a lallashe su su hau mota, su bi kwalta awa ɗaya ko biyu zuwa kan dutse, inda akwai ruwan famfo, akwai wuta, kuma babu mai tare hanya. Wannan shi ne jarin da Dakoro ba ta da shi.

[Kiɗa kaɗan]

To me take da shi?

Duwatsu dai babu. Tuddan yashi ne da kwaruruka. Ka tashi daga Maradi, ka karya ta Tibiri, tafiyar kilomita kimanin 120 kan kwalta, ka iso Dakoro, garin da Turawan Faransa suka mayar wurin mulki a 1947. Daga nan in ka ƙara gaba, gonakin hatsi da wake suna sirancewa har ka faɗa kwarin Tarka. Bayansa ƙasar dabbobi ce. Wanda rani kawai ya sani a can zai rantse ba abin gani sai ƙura da tumfafiya. Ya zo a watan Agusta ko Satumba. Ciyawa ta rufe tuddai har iyakar ganinka, tafkuna sun cika, aduwa da kandili da magarya sun yi kore shar, jajayen shanun Bororo masu dogayen ƙahoni suna tafe a jere, raƙuman Abzinawa suna kiwo a gefe. Ƙarangiya ce kawai za ta tuna maka cewa ba aljanna ka shigo ba.

A tsakiyar wannan ƙasa gandun dajin Gadabeji yake, hekta 76,000, wanda aka keɓe tun 1955 don kare mariri da bareyi. Har zuwa 2011 yana ƙarƙashin Dakoro, kafin a yanke Bermo ta zama gunduma mai cin gashin kanta, amma har gobe ta Dakoro ake bi a je. Mariri ya ƙare. Raƙumin dawa ma ya ɓace daga wurin wajen shekarun 1970, fari da farauta suka gama da shi. Barewa, dila, jan biri da tuje su suka jure. A 2017 UNESCO ta sa Gadabeji cikin jerin wuraren da ake kare halittu tare da mutanen da ke zaune a cikinsu, faɗin yankin gaba ɗaya ya haura hekta miliyan 1.4.

Sai kuma watan Nuwamba na 2018. Raƙuman dawa irin na Afirka ta Yamma, duk duniya a Nijar kaɗai suka rage, a yankin Kure kusa da Yamai. A 1996 guda 49 ne kacal. Da aka tsare su, suka haura 600, har wurin ya fara yi musu kaɗan, suna shiga gonakin wake. Sai gwamnati da ƙungiyoyin kare namun daji suka kamo 8, aka loda su a babbar mota, aka yi tafiyar kilomita wajen 800 da su, wuyansu a sama suna kallon garuruwa, aka sauke su a Gadabeji. A 2022 aka ƙaro 4. Sun zauna, sun kuma haihu.

A nan akwai inda bai kamata mu kwaikwayi Saifurus ba. Su ma suna da tumakin daji da suka kusa ƙarewa, yau hotonsu na kan ƙananan kwabban Yuro na ƙasar. Yadda aka cece su a ƙarshen shekarun 1930 shi ne Turawan Ingila suka hana farauta a dajin Fafos, suka kuma fitar da masu awaki daga ciki. A Gadabeji wannan magani ya fi cutar muni. Bafulatani da Ba'abzine su ne idon dajin. Su suka san inda raƙumin dawa ya kwana, su ke fara hango hayaƙin gobara, su ke gane sawun babur ɗin mafarauci. In ka kore su, ka kori masu gadi.

[Kiɗa kaɗan]

Yanzu maganar da ba a son faɗi. A watan Oktoba na 2012 ƴan bindiga suka shigo cikin garin Dakoro da dare suka sace ma'aikatan agaji 6, ɗaya bai dawo da rai ba. Ranar 9 ga Agusta 2020 aka kashe Faransawa 6 da ƴan Nijar 2 a Kure, wurin kallon raƙuman dawan. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Daga ranar Bature mai kyamara ya ɗauke ƙafa, kuma duk wanda ya gina lissafinsa kan dawowarsa bana ko baɗi, yana shuka ne a kan dutse.

Ni a ganina ma tun farko kallon nesa muka yi, muka tsallake baƙon kusa. Yara nawa ne a lakwal-lakwal na Maradi, Tasawa da Damagaram suka zana raƙumin dawa a allo ba su taɓa ganinsa ba? Ga ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke karatun noma da muhalli. Ga alhazan Maradi da ke kashe kuɗi su kai iyali hutu Dubai. Ga ƴan uwanmu na Katsina da Kano, harshe ɗaya, abinci ɗaya, salla ɗaya, kuma tun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maradi ta Katsina da Jibiya. Wannan baƙo ba ya neman tafkin wanka. Tabarma mai tsabta yake so, gidan sauro, makewayi mai sutura, ruwan alwala, da tabbacin zai koma gida lafiya. Duk waɗannan ruga za ta iya.

Sai dai akwai wani ƙulli, kuma a nan nake so mu ɗan jima. Mu mutane ne da aka raine mu kan cewa baƙonka annabinka. Ka sauka a mashekarin Bafulatani, tun ba ka gama sallama ba an miƙo maka ƙwaryar nono. Ka sauka wurin Ba'abzine, an hura gawayi, shayi na ɗaya, na biyu, na uku. Ka zaro jika ka ce ga kuɗin nono, ka ci mutuncin mai gida. To ta yaya za a yi kasuwa da abin da karɓar kuɗinsa abin kunya ne?

Amsar da na gani ita ce a bar karimci inda yake, a sayar da aiki. Ƙwaryar maraba kyauta ce, ta zauna kyauta. Amma yaron da ya bar kiwo ya wuni yana bin sawu da kai, wuninsa ba kyauta ba ne. Raƙumin da ka hau, akwai ladan mai shi. Bukkar da ƙungiyar mata ta kafa ta share don baƙi, a yanka mata farashi sananne, a biya a hannun ma'ajiyar ƙungiya, kada mai gida ya haɗa ido da baƙonsa kan kuɗi.

Sa'annan ga cuku. Ku zo mu tsaya kusa da mai yin sa. Da hantsi, nonon safe bai huce ba, ta ɗiga masa ruwan tsamin da ake jiƙawa daga tumbin ɗan akuya mai shan nono. Ba a jima ba ya daskare. Ta kwasa da ludayi ta zuba kan ƴar tabarmar kara, ta baza da tafin hannu, ta daidaita gefuna har ya zama falle mai kusurwa huɗu, ruwan yana tsiyaya ta ƙasa. Ta ɗora a kan rumfa inda iska da rana za su busar da shi, tana korar ƙuda. In ya bushe, zanen karan yana nan kwance a jikinsa. A ci da shayi, ko a daka a cikin fura. Wannan falle, kafin ya kai Maradi ko Yamai ya bi hannu nawa, kuma kowane hannu ya fi nata riba. Baƙon da ya zo har gindin rumfarta ya sayi goma, ya biya ta kuɗin birni a ruga. Haka abin yake ga man shanu, da jakar fata, da tabarmar kaba. Mutanen Saifurus da cukunsu suka yi suna, kuma namu bai gaza nasu daɗi ba.

Wajen bikin Gerewol na Woɗaɓe, da ake yi ƙarshen damina a yankin Bermo, nan kam sai an yi hattara. An yi shekaru hotunan samarin nan suna yawo a mujallun Turai, kuɗin yana tsayawa wurin masu motocin da suka kawo baƙi. Biki ne na dangi da neman aure. Dattawan zuri'a su ne za su faɗi wa zai shiga, ina zai tsaya, me zai ɗauka a waya.

Duk wannan kuwa yana rataye ne da ciyawa. Dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, dokar makiyaya ta 2010 ta sake tabbatar da ita, amma gonaki suna ta haurawa, burtali yana matsewa, masu hali suna killace fili. Makiyayan arewacin Dakoro ba su manta asarar 1984 da ta 2010 ba. Abin da gona ta bari kuma gobarar daji na jiransa daga Oktoba, shi ya sa aikin share layukan katse wuta da ake yi bayan damina ya fi kowane allon talla muhimmanci. Masu sassaben zamani, da suka mayar da itatuwa gonakin jahar Maradi tun shekarun 1980, sun nuna cewa ƙasar nan tana farfaɗowa in an ba ta dama.

Mai niyyar zuwa, ko shugaban makaranta mai son kai ɗalibai, ya fara da ofishin ma'aikatan gandun daji a Dakoro ko Bermo, ya nemi izini, ya tambayi halin hanya da na tsaro kafin ya ɗaura kaya. Bayan Dakoro yashi ne, sai mota mai ƙarfi. Satumba zuwa Nuwamba ya fi daɗi. A ɗauki ɗan jagora daga mutanen wurin, a riƙe ruwan sha, a kwaso leda a dawo da ita, kuma mai shan taba ya kashe guntunsa a cikin yashi.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. 

[Kiɗan rufe shiri]